Yaƙin da ya cinye hanyar Makka

Ranar 11 ga Nuwamba, ranar da aka ajiye makamai a Turai, ta zo ta wuce, kuma kamar kowace shekara an yi shiri da Hausa a kan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na kasa kunne daga farko har ƙarshe a nan Ammariyya, ina jiran a zo kanmu. An ba da labarin matashin nan Gavrilo Princip da ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya a Sarayebo ranar 28 ga Yunin 1914. An bayyana yadda Jamus ta tsaya wa Ostiriya, Rasha ta tsaya wa Sabiya, Faransa da Ingila suka faɗo ciki, da yadda samari suka yi shekara huɗu a cikin ramuka suna karkashe juna. Duk wannan gaskiya ne. Sai aka rufe shirin da cewa rigima ce ta Turawa a junansu, wadda Allah ya tsare mu daga shiga. Tun da na ji wannan magana raina bai kwanta ba.

Su wa aka tsare? Daga unguwar nan, kusa da maƙabartar Uwarmu Hauwa'u, mutum zai taka da ƙafa ya isa bakin teku. A watan Yunin 1916 jiragen yaƙin Ingila suna tsaye a wannan ruwan suna harbin sansanonin Turkawa da igwa, mayaƙan Sharif Husaini na Makka kuma sun kewaye garin ta tudu. Ranar 16 ga watan Jidda ta sallama. A lokacin garin yana cikin ganuwa, wadda sai a 1947 aka rushe ta, kuma a wajen ganuwar akwai bukkokin Takari: masu dako a tashar jiragen ruwa, 'yan ga-ruwa, tsofaffi masu jiran ayarin Makka. Kakannin wasu da muke sahu ɗaya da su yau a masallaci suna cikin waɗannan bukkoki. Hijaz ba ta noma abin da zai ci da ita, hatsinta ta ruwa yake zuwa daga Masar da Indiya. Da yaƙi ya tsuke Bahar Maliya, alhazai suka ɗauke ƙafa, abinci ya yi wuya, kowa ya san wanda yunwa take fara kamawa a gari: baƙon da ke wajen ganuwa.

Ba na gajiya da maganar hanyar Makka, yau ma ita zan yi, domin a kanta yaƙin ya same mu. Kafin jirgin sama, mai niyyar hajji daga Kano ko Katsina ko Damagaram yakan yi sallama da gida irin ta wanda ba lalle ya dawo ba. Ya bi ta Barno, ya ratsa Wadai ya sauka Abashe, ya shiga Darfur ya yada zango a Fashir, ya kai El Obeid, ya gangara Kogin Nilu, daga nan sai Sawakin, inda zai jira kwalekwalen da zai tsallakar da shi Jidda. Tafiyar shekaru ce. Inda guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma ko ɗinki ko koyar da allo, a haihu a hanya, a binne wasu a hanya. Bayan yaƙin Burmi a Yulin 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'a masu yawa suka ci gaba da bin wannan hanya suna gudun mulkin Nasara. Ɗan Attahiru, Mai Wurno, ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, garin da har yau yake ɗauke da sunansa. Alfa Hashim ya wuce har Madina ya zama malamin mutanenmu a can. Waɗannan mutane sun bar gida ne don su isa ƙasar da suke ganin tana ƙarƙashin halifan Musulmi, inda hannun Bature bai kai ba.

To, a Nuwamban 1914 Turkiyya ta riga ta shiga yaƙi a gefen Jamus, kuma aka karanta shelar jihadi a Istanbul da sunan Sarki Muhammad na Biyar, ana kiran Musulmin da ke ƙarƙashin Ingila da Faransa da Rasha su tashi. Ba a tashi yadda Jamus ta yi fata ba. Sarakunanmu na Arewa ma kuɗi suka fitar daga baitulmali suka ba Ingila gudummawar yaƙi. Amma tsoro ya riga ya shiga zukatan 'yan mulkin mallaka. Duk malamin da ya ɗauki gafaka ya fuskanci gabas ya zama abin zargi a idonsu.

Bi zangunan nan ɗaya bayan ɗaya ka ga abin da ya same su cikin shekara ɗaya da rabi. Sarkin Darfur Ali Dinar, wanda ya saba aika kyautarsa zuwa Harami, ya karkata ga halifa. Sojojin Ingila suka ci Fashir a Mayun 1916, suka kashe shi a Nuwamba, sarautar da ta yi ɗaruruwan shekaru ta zama lardi a cikin Sudan. A Disambar wannan shekara Kaosan, jagoran mayaƙan Abzinawa, da goyon bayan Sanusiyya da Sarkin Abzin Tagama, ya tsare Faransawa a barikin Agadas har zuwa Maris na 1917. Da dakaru suka zo daga Damagaram, tare da taimakon Ingila daga Najeriya, abin da ya biyo baya kisa ne, kuma malaman garin suna cikin waɗanda aka yi wa yankan rago. Abzin ta watse, mutanenta suka gangaro kudu har ƙasar Kano da Katsina. A Nuwamban 1917 a Abashe, Faransawa suka sa aka sassare malamai da adda, abin da mutanen Chadi ba su manta ba har gobe. Waɗannan garuruwa su ne masaukan alhazanmu, malaman da aka kashe kuma su ne masu karɓar baƙi, masu ba mutum wurin kwana da wasiƙar da zai kai wa malamin zango na gaba.

Wanda Allah ya sa ya tsallake duk wannan ya iso, me ya tarar? Madina tana hannun Fakhri Pasha, kwamandan Turkawa da ya ƙi sallamawa har Janairun 1919, wata biyu bayan an ajiye makamai a Turai. Don abinci ya ishi sojojinsa, ya kwashe mafi yawan mutanen gari ya ɗora su a jirgin ƙasan Hijaz zuwa Sham. An raba uwa da ɗa, miji da mata, da yawa ba su sake ganin Madina ba. Sojojin da suka rage sun kai ga cin fara. Mutanen Madina har yau in ka ce Safar Barlik sun san shekarun da kake nufi. Birnin da bayin Allah suka yi shekaru suna tafiya da ƙafa don su mutu a cikinsa ya koma kusan kango.

Wani zai ce ai Turkawan ma ba waliyyai ba ne, kuma Bature ya riga ya ci ƙasarmu tun kafin 1914. Haka ne, amma hanyar tana raye har yaƙin ya zo.

Sannan ga jininmu da aka zubar kai tsaye. Rundunar Najeriya, wadda Hausa ce harshen umarni a cikinta, ita aka tura Kamaru tun Agustan 1914. Garwa ba ta faɗi ba sai Yunin 1915. A dutsen Mora Jamusawa suka riƙe har Fabrairun 1916. Daga nan aka ɗebi mutanenmu a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka, inda aka yi musu mummunar ɓarna a Mahiwa a Oktoban 1917. Bayan masu bindiga akwai dubban 'yan dako da hakimai da dagatai suka tattaro bisa umarnin Joji, waɗanda zazzaɓi da atini suka kashe fiye da harsashi, kuma yawancinsu babu dutsen da ke ɗauke da sunansu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a gefen Jamus ma namu ne suke riƙe da bindiga. Chari Maigumeri, wanda barikin soja na Lakwaja ke ɗauke da sunansa, sojan Jamus ne a farko, aka kama shi a Garwa, daga baya ya sa kakin Ingila. Ɗan'uwa ya harbi ɗan'uwa a kan rigimar da aka ƙulla a Balin da Landan. Da aka gama, aka raba Kamaru tsakanin Ingila da Faransa, ƙasar Adamawa ta ci gaba da zama a tsage. Jiragen ruwan ƙarshen yaƙi kuma suka kawo annobar mura ta 1918, ta sauka Ikko, ta bi layin dogo ta hau Arewa, ta kashe dubban ɗaruruwa. A nan Jazira ma ta yi ɓarna, har ta ɗauke Turki, babban ɗan Sarki Abdul'aziz. Duk wannan, a ce Allah ya tsare mu daga shiga?

Yanzu ga inda abin ya iso ƙofar gidanmu. Bayan alkawarin da Ingila ta yi wa Sharif Husaini na daular Larabawa, ta yi wani a ɓoye da Faransa a 1916 na raba Sham da Iraƙi, ta ƙara da takardar Balfour ranar 2 ga Nuwamban 1917, wadda Falasɗinawa ke biyan kuɗinta har daren jiya. Aka soke halifanci a Maris na 1924. A Disambar 1925 Jidda ta shiga hannun Sarki Abdul'aziz bayan kusan shekara guda a tsare. Taswira ta canza gaba ɗaya a kan mutanen da suka zo tun ba a san biza ba. A 1920 aka zauna a Faris ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashe aka tsara fasalin fasfo irin wanda muka sani, matakin da aka ɗauka don yaƙi ya zama dokar zaman lafiya. Ingila kuwa ba ta daina zargin hanyar ba. Razdan Palmer na Barno ya bi ta da kansa daga Maiduguri har Jidda ya rubuta rahoto a 1919. Wani jami'insu, Lethem, ya sake bin sawu a tsakiyar shekarun 1920, yana binciken abin da Takari ke karantawa da wanda suke saurara. A 1923 aka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu aka kai shi Buea. Daga wannan zargi aka fara ƙirga mahajjaci, a yi masa takarda, a sa ya ajiye kuɗin komawa.

Saboda haka idan ka ga dattijuwa a nan Jidda wadda a nan aka haifi kakarta, Larabcinta na Hijaz ne, tuwonta na Kano ne, amma rayuwarta duka tana rataye da iƙama da sa hannun kafili, kada ka ce sakacin iyayenta ne kawai. Iyayen sun taso a duniyar da Musulmi ke tafiya daga Sakkwato zuwa Madina da sanda da buta, suka wayi gari an ja layi a bayansu da gabansu. Najeriya ba ta san da su ba, nan kuma ba a rubuta su ba.

Wannan ne ya sa nake cewa abin da aka yi a shirin nan ya wuce kuskure, raini ne ga matattunmu. Mutum ya zauna ya fassara littafin makarantar Ingila zuwa Hausa, ya karanta wa Hausawa, ya tashi yana ganin ya koyar da tarihi. Ya san Somme da Verdun, bai san Mora ba, wadda ke nan kusa da iyakar Barno. Mu ma da ke zaune a nan ba mu fita ba. Rusau ɗin 2022 ya tarwatsa unguwannin Karantina da Sabil, tsofaffin da ke riƙe da labarin waɗanda suka zo da ƙafa sun bazu a unguwanni masu nisa, wasu an mayar da su ƙasar da ba su taɓa gani ba, kuma kowane wata ana sallar gawar wani daga cikinsu. Waɗanda suka ga 1916 da idonsu sun tafi tuntuni. Waɗanda suka ji daga bakinsu su ne ke tafiya yanzu.

Kowace shekara dubban mutanenmu suna sauka filin jirgin Jidda don umara da hajji, cikinsu har da malaman tarihi na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Abdou Moumouni. Ina roƙonsu, don Allah, duk wanda ya zo ya ware yini biyu daga na kasuwa. Wayar da ke aljihunsa ta isa ɗaukar murya. Ya nemi tsohuwa ɗaya ya gaishe ta, ya ce Hajiya, ta wace hanya kakanki ya zo, a wane gari aka haifi babanki, wa ya rasu a Sawakin. Abin da ya samu ya kai Gidan Arewa a Kaduna a ajiye. Mu mazauna nan mun san gidajen, kuma za mu raka shi.