Kafin Ka Sayi Ko Noti Ɗaya, Auna Firam Ɗinka

A makon jiya mun samu wasiƙa daga wani ɗalibi ɗan aji biyar a nan Daura. Yayansa ya aiko masa da sabon firam na keken hawan dutse daga Kano, firam kawai, ba taya, ba sarƙa, ba sirdi. Shi kuma ya tara 'yan kuɗi daga aikin gona na damina, yana tambaya: me zai fara saya? Amsarmu ita ce kada ya sayi komai tukuna. Ya nemo tef na awo da biro da takarda.

Dalilinmu shi ne mun taɓa faɗawa wannan rami. Lokacin da muka haɗa kekenmu na farko, ɗoki ya ɗebe mu muka sayo wili biyu masu inci 29, saboda mai kaya ya yi ta yabonsu. Da muka iso gida sai taya ta ƙi shiga, domin firam ɗin na inci 26 ne. Mai kaya ya ce shi ba ya karɓar abin da ya riga ya sayar. Haka muka sayar da su da asara, keken ya yi wata uku a jingine. Gaskiyar Bahaushe, sauri kan haifi nawa.

Wannan irin keke ma da firam ya fara. A shekarun 1970 wasu matasa a yankin Marin na jihar Kalifoniya ta Amurka suna gangarowa daga tsaunuka da tsofaffin kekuna masu nauyi, suna ta lalata su. A 1977 ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera firam na musamman don wannan aiki. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper, keken ya shiga kasuwa sosai. Wani zai ce ai ƙasar Daura ba irin waɗancan tsaunuka. Haka ne, amma muna da yashi. Duk wanda ya taɓa barin kwalta ya bi hanyar ƙauye a yankin Sandamu, Zango ko Baure ya san yadda siririyar taya ke nutsewa. Taya mai faɗi da giya mai sauƙi su ne ke fitar da mutum.

To, abubuwa biyar za ka auna ka rubuta. Na farko, girman wili: inci 26, ko 27.5, ko 29. Kowane firam da nasa. Idan naka na 26 ne ka yi murna, domin shi ne aka fi samun tayarsa da cub ɗinsa a wurin masu faci. Na biyu, birki. Duba ko firam ɗin yana da ramuka biyu kusa da inda wilin baya ke shiga, wato na birkin faranti ne, ko kuwa yana da ƙusoshi biyu a gefen rim, na birkin roba. Na uku, gidan feda: faɗinsa yawanci milimita 68 ne ko 73, sannan ka leƙa ciki ka ga ko yana da zare. Na huɗu, bututun da sandar sirdi ke shiga. Akwai mai milimita 27.2, da 30.9, da 31.6, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya sa sirdi ya riƙa zamewa ko firam ya tsage. Na biyar, bututun gaba da fok ke shiga: wani miƙaƙƙe ne sama da ƙasa, wani ƙasansa ya fi samansa faɗi. Ka ƙara da tazarar da ke tsakanin ƙafafun baya, wadda a yawancin masu araha milimita 135 ce. Wanda ya fi duka sauƙi, ka saɓa firam ɗin a kafaɗa ka je da shi wurin mai kaya, a gwada a gabanka.

Sai maganar kuɗi, kuma ba za mu ɓoye muku ba: sayen kaya ɗaya bayan ɗaya ya kan fi sayen cikakken keke tsada. Dabara ita ce a nemi keken gwanjo wanda firam ɗinsa ya lalace amma awonsa ya yi daidai da naka, a cire wili da fok da kai da giya. Amma sarƙa, wayar birki, robar birki da tayoyi, waɗannan a sayi sababbi. A lura kuma, makunnin giya mai 7 ba ya aiki daidai da haƙoran baya masu 9. Dole adadinsu ya zo ɗaya.

Wajen haɗawa, a fara da gidan feda, sai fok da kai, sai wili, sai birki, giya da sarƙa su zo a ƙarshe. Duk wani zare a shafa masa giris, a fara ɗaura shi da hannu kafin a ɗauko sifana. In ya yi tauri tun farko, to ya karkace, a dawo da shi baya. Ga wani sirri da ya lalata firam da yawa: fedar hagu ana ɗaure ta ne ta hagu, saɓanin sauran notuna, haka ma murfin gidan feda na ɓangaren sarƙa a yawancin irin waɗannan kekuna. Wanda ya matsa da ƙarfi ta hanyar da ya saba zai cinye zaren.

Akwai ayyuka uku da ba na ɗan koyo ba ne: dasa kofunan boris a bututun gaba, yanke wuyan fok, da daidaita wayoyin wili. A kai wa bakaniken keke, a gaishe shi da ladabi, a ce, "Baba, ina so in ga yadda ake yi." Yawancinsu ba sa rowar ilimi ga yaron da ya zauna ya kalla. Fok ɗin da aka yanke ya gajarce ba ya komawa.

Kafin ka hau titi, gwada birki biyun a ƙofar gida, ka ɗaga gaban keken ka sake shi ka saurari ko wani abu na kaɗawa. Ka nemi hular kwano. Ka riƙa yawo da famfo da kayan faci, domin ƙayar tsidau ba ta san sabon keke ba. A cikin yashi kuma ka ɗan rage iskar taya, za ka ji bambanci.

Ɗalibin da ya rubuto, muna jiran awonka guda biyar. Ka aiko mana da su, mu duba tare a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.