Kyamarar da ke ƙirga kawuna: Abin da Seoul ta koya bayan turmutsutsun Itaewon

A daren 29 ga Oktoba, 2022, mutum 159, galibinsu matasa, sun rasa rayukansu a wani matsattsen lungu na unguwar Itaewon da ke birnin Seoul na Koriya ta Kudu, yayin bikin Halloween. Shekara guda bayan haka, hukumomin birnin suka fara amfani da ɗaruruwan kyamarori masu ƙirga mutane da kansu, waɗanda ke aika gargaɗi ga ofishin gunduma da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da zarar cunkoso ya wuce ƙima.

Yadda irin wannan na'ura ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana kafa kyamara a saman ƙofa ko a kan falwaya, tana kallon ƙasa. A jikinta akwai ƙaramar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, irin su Raspberry Pi. Manhajar da ke ciki tana gane kan mutum da kafaɗunsa, ta bi motsinsa, idan ya ƙetare wani layi da aka shata a cikin hoton sai ta ƙara ɗaya a lissafin masu shiga ko masu fita. Da yake duk aikin a cikin akwatin ake yin sa, ana iya tsara na'urar ta aika adadi kawai, ta goge hoton nan take. Ba ta buƙatar intanet mai ƙarfi, kuma wutar da take ci kaɗan ce.

Adadin yana da muhimmanci domin cunkoso na kisa ne tun kafin kowa ya fara gudu. Masana sun nuna cewa idan mutane suka kai kimanin biyar a murabba'in mita ɗaya, an shiga haɗari. Idan suka kai shida ko bakwai, mutum ba ya iya sarrafa ƙafarsa, taron ne ke ɗaukarsa kamar ruwa, kuma matsi a ƙirji ke hana numfashi. Wanda ke cikin taron ba ya ganin haka sai an makara. Idon da ke sama yana gani tun da sauran lokaci.

Sai dai abin da ya faru a Itaewon ya nuna iyakar na'ura. Tun ƙarfe 6:34 na yamma aka kira 'yan sanda ana cewa za a iya murƙushe mutane a lungun, kusan awa huɗu kafin bala'in. An yi irin wannan kira har 11, amma huɗu kaɗai aka tura jami'ai a kansu. Wato labari ya isa kunnen hukuma, wanda zai motsa ne aka rasa. A Satumban 2024 kotu ta yanke wa tsohon shugaban 'yan sandan gundumar Yongsan, Lee Im-jae, ɗaurin shekara uku saboda sakaci, ta kuma wanke shugabar gundumar, Park Hee-young. Kyamarar da ta fi kowace daidaito ba za ta rufe titi ko ta karkatar da jama'a ba. Gargaɗinta zai bi sahun kiran wayar nan 11 muddin doka ba ta ambaci wanda zai tashi tsaye ba, da hukuncin da ke jiransa idan ya ƙi.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya ɓangaren. A Oktoban 2020, hukumomin kare sirri na Kanada sun gano cewa kamfanin Cadillac Fairview ya sanya ƙananan kyamarori a cikin allunan nuna hanya na manyan kantuna 12, inda aka tattara bayanan fuskoki kimanin miliyan 5 ba da izinin masu su ba. Kamfanin ya ce yana ƙirga masu zirga-zirga ne da kimanta shekarunsu da jinsinsu. Bambancin yana wurin da aka kafa idon da abin da aka adana: kyamarar da ke kallon tsakar kai adadi take bayarwa, wadda ke daidai fuska kuwa tana iya bayar da mutum. Karkatar da ita kaɗan da sauya manhaja sun isa su mayar da na'urar ƙirga masu sayayya ta zama na'urar gane masu zanga-zanga.

Wannan muhawara ta shafi Najeriya kai-tsaye. A turmutsutsun Mina na 2015 ƙasar ta rasa alhazai sama da 200, ciki har da fitacciyar 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin. A Disamban 2024, yara 35 sun mutu a wani taro a Ibadan, kwana uku bayan haka mutum 10 suka rasu a wurin rabon abinci a Abuja, wasu 22 a Okija ta Jihar Anambra. Ba abin mamaki ba ne idan wata gwamnatin jiha ta fito da kwangilar kyamarori a matsayin magani.

Kafin a sa hannu, akwai tambayoyin da ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida su yi. Shin an gwada na'urar a irin taron da za ta yi aiki a kai? Yaron da aka goya a ƙarƙashin hijabi, da mai tallar da faranti ya rufe kanta, da ƙurar hunturu, duk suna iya ɓata lissafi. Wa zai karɓi gargaɗin, kuma yana da ikon rufe ƙofa? Hoton yana barin akwatin, ko adadi kaɗai? Dokar kare bayanai da aka sanya wa hannu a Yunin 2023 ta sanya bayanan halittar jiki, kamar na fuska, cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman, kuma hukumar NDPC ce ke da alhakin aiwatar da ita. Ya kamata duk kwangilar irin wannan ta wuce ta gabanta, a kuma bayyana sharuɗɗan ga jama'a.

A wuraren rabon shinkafa, buɗe ƙofofi da dama, raba kati tun kafin ranar da tsara layi sun fi kowace kyamara araha, kuma ba su buƙatar a shigo da komai daga waje. Gwamnatin da ta kasa waɗannan, da wuya ta amsa ƙararrawar na'ura da ƙarfe goma na dare.