Takaba a Gatawa: Idan Jinin Haila Ya Ɗauke, Wa Za a Tambaya?

Shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato sun bar wa ƙasar Gobir wani nauyi da ba a cika sa shi cikin lissafin asara ba, wato mata masu takaba. Tun daga hare-haren da aka kai ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayu na 2020, har zuwa kisan gillar da aka yi wa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a watan Agusta na 2024, kusan duk magidancin da aka kai makwanci ya bar mace ko mata suna ƙirga kwanaki. Wasu suna ƙirgar a Gatawa, wasu a gidajen dangi a Isa ko cikin garin Sabon Birni, wasu kuma sun tsallaka iyaka suna yin ta a ƙasar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi. Adadin a fili yake: wata huɗu da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta ajiye. Mai ciki kuwa sai ta haihu.

Inda gizo ke saƙa shi ne idan kwanakin suka cika amma jini bai zo ba. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid ya san hukuncin: matar da ta saba ganin haila, idan ta yi mata jinkiri har shakkar ciki ta shige ta, zama za ta ci gaba da yi sai shakkar ta gushe. Malaman Malikiyya sun kai wannan zama wata tara. Wadda aka saka kuwa, jininta ya ɗauke ba tare da sanannen dalili ba, shekara guda cur take jira. Hikimar ba ta ɓuya ga kowa ba, tsare nasaba ne da tsare gadon maraya. Sai dai a zamanin da aka rubuta waɗannan littattafai, hanyar gusar da shakka ita ce jira, ko kuma tsofaffin mata masana su duba. Yau Allah Ya buɗe wa bayinSa sanin yadda jinin yake zuwa da abin da ke tsayar da shi, kuma wannan sani haƙƙin matan Gatawa ne ya kai gare su.

Haila daga ƙwaƙwalwa take farawa. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki, haifotalamas, wanda ke sakin saƙo lokaci bayan lokaci zuwa ga wata 'yar tsoka da ba ta wuce girman ƙwayar wake ba, fituwitari. Saƙon sinadari ne mai bin jini, irin waɗanda likitoci ke kira homon. Ita kuma fituwitari sai ta saki nata guda biyu, FSH da LH, su gangara zuwa ma'ajiyar ƙwai ta mace. Na farko yana renon ƙwai har ya nuna, ma'ajiyar kuma tana fitar da istirojin, wanda ke kauraro shimfiɗar cikin mahaifa. Idan istirojin ya yi yawa sai LH ya taso gaba ɗaya, ƙwai ya fito. Gurbin da ƙwan ya bari shi ke fitar da firojestaron, aikinsa riƙe shimfiɗar nan kimanin kwana 14. In ba a samu ciki ba, sinadarin ya yi ƙasa, shimfiɗar ta sabule, ita ce jinin da ake gani. In an samu ciki, abin da zai zama mabiyiya sai ya fara fitar da wani sinadarin, hCG, wanda ke hana shimfiɗar zuba. Shi ne ɗan tsinken gwajin fitsari yake nema, kuma yana iya gano shi daga kwanakin da aka yi ɓatan wata.

Wanda ya fahimci wannan sarƙa zai gane cewa tana iya tsinkewa a wurare da dama, ciki ɗaya ne kawai daga cikinsu. Tsananin tsoro da baƙin ciki suna ɗaga sinadarin kotisol, shi kuma ya rage saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikawa. Yunwa da rama haka suke yi, kamar dai jiki ya lura lokacin ba na ɗaukar ciki ba ne, ya rufe ƙofa. Likitocin Turai sun rubuta wannan a yaƙin duniya na farko, an kuma sake ganinsa a yunwar da ta faɗa wa ƙasar Holan a hunturun 1944 zuwa 1945, inda mata masu ɗimbin yawa suka daina ganin al'ada har abinci ya dawo. To matar da aka kashe mijinta a gona, aka kore dabbobinta, ta kwana a daji da goyo, ta koma cin abinci sau ɗaya a wuni, ina mamaki in jininta ya ɗauke?

Ga kuma shayarwa. Tsotson jariri yana ɗaga sinadarin furolaktin, mai kawo nono, wanda ke danne fitar ƙwai, shi ya sa mai goyo kan yi watanni ba ta ga jini ba. Malamanmu sun san da wannan tun da daɗewa, har sun ware wa mai shayarwa hukuncinta daban a babin idda. Allurar tazarar haihuwa ma takan ɗauke jini. Daga shekara 45 zuwa 55 kuwa, ma'ajiyar ƙwai ce da kanta take ja da baya, haila ta riƙa tsallake wata har ta tsaya.

Akwai kuma dalilan da ke buƙatar magani da gaggawa, kuma su ne suka fi damun mu. Matar da ta zubar da jini mai yawa wurin haihuwa, abin da ba baƙo ba ne a inda ake haihuwa a gida da nisa da asibiti, fituwitarinta na iya lalacewa saboda rashin jini. Alamarsa nono ya ƙi zuwa, haila ba ta dawo ba, ga kasala da jin sanyi na shekaru. Wani likitan Ingila, Harold Sheehan, ya bayyana wannan ciwo a 1937, kuma ana maganinsa da ƙwayoyin da ke maye gurbin sinadaran da suka ɓace. Ciwon ƙululun wuya mai kawo maƙoƙo yana rikita haila. Ƙari a ma'ajiyar ƙwai yana kumbura ciki har a zaci juna biyu ne. Ɗan tayi yakan mutu a ciki bai fito ba. Duk waɗannan, a ƙauyukanmu, suna iya samun suna ɗaya: ciki ya kwanta.

Maganar kwantaccen ciki tana bukatar natsuwa, domin tana da gindi a littattafanmu. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne mafi tsawon ciki shekara huɗu ko biyar. Hanafiyya suka ce biyu, Shafi'iyya suka ce huɗu, Muhammadu ɗan Abdul Hakam, wanda shi ma Bamalike ne, ya ce shekara ɗaya, Ibnu Hazm ya tsaya kan wata tara. Wannan saɓani kaɗai ya isa nuna cewa babu nassi yankakke a kai. Ibnu Rushd ma a Bidayatul Mujtahid ya mayar da mas'alar ga abin da aka saba gani da abin da aka jarraba. A kan haka dokar iyali ta Masar ta 1929 ta tsaya kan shekara guda, haka ma ta Maroko, ƙasar Malikiyya tsantsa. Abin da likitoci suka jarraba kuwa shi ne ciki mako 40 ne, idan ya haura 42 mabiyiya takan fara gazawa, rayuwar ɗan ta shiga haɗari.

Ba mu manta ba cewa wannan ƙa'ida ta yi wa mata rana. Tana daga cikin hujjojin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta dogara da su ta sallami Amina Lawal a watan Satumba na 2003. Tunkuɗe haddi da shubuha aikin alƙali ne, mu bar masa abinsa. Amma ƙa'idar da aka kafa don kare mace a gaban kotu bai kamata ta zama dalilin zaunar da ita a ɗaki shekara biyu tana shan jiƙo don a tayar da ciki, alhali ƙari ne ke girma a jikinta ba.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Wata huɗu da kwana goma ibada ce, babu gwajin da zai rage mata kwana ɗaya. Maganarmu a kan ƙarin zaman da shakka ta jawo take. Idan wata huɗu da kwana goma suka wuce da rasuwar miji, duk cikin da ya bari ya kai girman da hoton ciki ba zai kasa ganinsa ba, galibi ma ya fara motsi. Tambayar da muke ajiyewa gaban malamai ita ce: idan gwaji da hoto suka tabbatar babu komai a mahaifa, shin shakkar ba ta gushe ba ke nan? Amsar fatawa ce, mu kuwa ba muftai ba ne. Amma ƙarin kusan wata biyar ga matar da ke da marayu huɗu, ba ta da gona, ba ta da mai ciyar da ita, ga ɗan'uwan mijinta ko wani mutumin kirki yana son riƙe ta, ba ƙaramin abu ba ne. Ya dace malaman Sakkwato su zauna da likitocin mata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su fitar da bayani guda cikin Hausa da ajami, wanda limamin Gatawa zai iya karantawa.

Isar da shi ma ba sabon aiki ba ne a wannan ƙasa. Shehu Usmanu a Nurul Albab ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin hukunce-hukuncen da suka shafe su, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Malaman Islamiyya mata na yau su ne magadansu, kuma su mace ke fara gaya wa jininta ya ɗauke, tun kafin uwarta ta ji. Idan suka koyi wannan ɗan bayani tare da babin haila, za su san wadda za a ce ta yi haƙuri ta ci abinci, da wadda za a ce a kai ta asibiti gobe.

Sharaɗi ɗaya ne ba za a yi wasa da shi ba, shi ne sirri. A cikin masu wannan tambaya akwai matan da suka dawo daga hannun 'yan bindiga, waɗanda aka yi wa abin da baki ba ya iya faɗa. Sakamakon gwajinsu amana ce tsakaninsu da ma'aikaciyar lafiya, ba na dangin miji ba ne balle na bakin rijiya, kuma wadda aka tilasta babu laifi a kanta a shari'a. Idan mata suka ga tsinken gwaji ya zama abin tonon asiri, ba wadda za ta sake zuwa.

Tsinken nan ba ya buƙatar wutar lantarki ko firiji, ungozoma ma za ta iya koyon karanta shi cikin wuni ɗaya. Na'urar hoton ciki ce mai wuya, domin hanyar Sabon Birni zuwa Goronyo zuwa Sakkwato ita ce wadda aka sace Sarkin Gobir a kanta, ba kowace mai takaba za a ce ta bi ta ba. Don haka muna kira ga ma'aikatar lafiya ta jihar Sakkwato ta tabbatar akwai na'ura mai aiki da mace mai iya sarrafa ta a manyan asibitocin Sabon Birni da Isa, a kuma yi wa masu takaba hoton kyauta. Hukumar zakka da waƙafi ta jihar tana iya ɗaukar kuɗin mota.