Tsohon doki, sabon linzami: yadda ake gane ciwon birki

Duk wanda ya san hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, wadda ta ratsa Tasawa, ya san Peugeot 504. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, ta lashe gasar tseren Safari ta Kenya a 1975 da 1978, an kuma yi ta harhaɗa ta a Kaduna har zuwa 2006. Ƴan kasuwa sun yi arziki da ita, ma'aikata sun yi ado da ita. Yau motocin Japan sun karɓe tashoshi, amma akan ga tsofaffin akori-kura suna jigilar gero da wake daga kasuwannin ƙauyukan Mayahi. Injinsu na da rai. Abin tambaya shi ne birkinsu.

Birki ba ya mutuwa dare ɗaya; sai ya yi gargaɗi, kuma ƙafar direba ce likita ta farko. Alamu biyar ne ya kamata mai tsohuwar mota ya sani.

Ta farko, in birki ya yi laushi kamar soso, sai an yi ta bugunsa kafin ya kama, to iska ta shiga bututun mai. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafa ke ɓacewa a hanya. Maganinsa fitar da iskar, ana farawa daga ƙafar da ta fi nisa da uwar birki. Amma a tambaya: ta ina ta shiga? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A duba bayan kowace taya. In an ga danshin mai, nan ɓarnar take.

Ta biyu, in an taka an riƙe, sai birkin ya dinga nutsewa sannu a hankali har ƙasa, alhali mai bai ragu ba, to robobin cikin uwar birki sun cinye. Wannan ba ya jiran gobe.

Ta uku, in birki ya yi tauri kamar dutse amma mota ta ƙi tsayawa, a tuhumi tukunyar iskar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi. Gwajinta ba ya cin ko dala. A kashe inji, a taka birki sau biyar ko shida, a riƙe, sannan a tayar da inji. In birkin ya ɗan sauka, tukunyar lafiya take; in bai motsa ba, ko ta huje ko tiyonta ya tsage.

Ta huɗu, in sai an taka can ƙasa sannan ya kama da ƙarfi, galibi takalman birkin baya ne suka cinye ko suka yi nisa da tambur. Shaidarsa, birkin hannu shi ma yakan yi tsawo.

Ta biyar, in mota na fizga gefe guda, to ɓangare ɗaya ne ke aiki: ko fistan ya cije, ko mai ya jiƙa takalmin. Rairayin hanyoyin Gulbin Kaba da ruwan damina su ne manyan masu laifi, domin da zarar robar da ke rufe fistan ta yage, ƙura da tsatsa sun sami gida.

Sauran magana kan man birki take. Shi wannan mai yana shan laima daga iska. Nau'in DOT 4, in sabo ne, ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230. In ya sha laima, yana iya tafasa a 155. Motar da ta ɗauki kaya fiye da kima, cikin zafin watan Afrilu, nan da nan ƙafafunta ke ɗaukar zafi. Mai ya tafasa, birki ya tafi ƙasa fayau. Don haka masana ke cewa a sauya shi duk shekara biyu.

Akwai kuma dabarun bakin hanya da suka zama ajali. Wasu na zuba ruwan sabulu a madadin man birki, wanda ke tafasa da wuri, ya kuma haifar da tsatsa. Wasu na zuba man inji, ko koren man Citroën, wanda ke kumbura robobi har su lalace. Wasu kuma, in bututu ya huje, sai su daddake shi da guduma, mota ta ci gaba da tafiya da birkin ƙafa uku. Araha ba ta ado.

A tuna kuma: in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkawa yake yi sau huɗu. A hanyar da amalanken shanu da jakuna ke fitowa ba sallama, musamman ranar kasuwa da almuru, wannan lissafi ne na rai da mutuwa.

Ɗan kasuwar da ya ba yaronsa mota, da ma'aikacin da ke kai iyali gida ranar Salla, nauyi ɗaya ke kansu. Kafin a tambayi makanike kuɗin fenti, a tambaye shi yaushe rabonsa da buɗe tambur. Fasinjan da ya biya kuɗin mota amana ya bayar, kuma za a tambayi mai ita.