Ƙwallon zaure ba na masu zaure kaɗai ba ne

A watan Satumba na shekarar 2019, a birnin Riga na ƙasar Latbiya, hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, wato UEFA, ta buɗe wata sabuwar gasa tsakanin ƙasashe domin samari ƴan ƙasa da shekara 19. Wasan da ake bugawa a cikinta shi ne futsal, ƙwallon ƙafar da mutum biyar ke karawa da mutum biyar a kan daɓe, cikin gini mai rufi. Sunan ya samo asali daga harsunan Ispaniya da Fotugal, inda aka haɗe kalmar ƙwallon ƙafa da kalmar babban ɗaki. Ni kuwa a nan zan kira shi ƙwallon zaure, har ranar da masana harshe za su zo mana da abin da ya fi. Ƙasashe 8 ne ke isa zagayen ƙarshe. Ispaniya ta ɗauki kofin farko bayan ta doke Kuroshiya da ci 6 da 1. Karo na biyu, wanda annobar korona ta ɗage zuwa 2022, an yi shi a garin Jaén, Ispaniya ta sake ɗauka a gaban Fotugal. A 2023, a Poreč, Fotugal ta rama da ci 6 da 2, sannan ta ƙara a 2025 a babban birnin Moldoba. Gasa huɗu, ƙasashe biyu maƙwabtan juna sun raba kofin biyu-biyu.

Mai karatu zai ce ina ruwan biri da gada. Haka ma wasu abokan aikinmu malamai ke cewa duk lokacin da aka ta da zancen, kuma da su nake jayayya a wannan shafi, kafin in isa ga waɗanda suka fi su laifi.

Hujjarsu ita ce wannan wasa na ƴan gata ne. A ganinsu Turawa sun ƙago shi ne don gudun sanyi da ƙanƙara, yana bukatar zaure mai daɓen katako da fitilu da wutar da ba ta ɗaukewa, alhali mu muna da azuzuwan zana waɗanda ruwan farko ke rufewa. Maganar zana gaskiya ce, babu mai musun ta. Amma tarihin da suka ɗora hujjar a kansa ba daidai ba ne. Ba a Turai aka haifi wasan ba, kuma ba masu kuɗi suka haife shi ba. Wani malami ne mai suna Juan Carlos Ceriani ya tsara shi a birnin Montebideyo na ƙasar Urugwai a shekarar 1930, shekarar da ƙasarsa ta karɓi gasar kofin duniya ta farko kuma ta ci. Yara sun haukace da ƙwallo, filaye sun yi kaɗan, sai ya shigar da su filin ƙwallon kwando, ya ari dokoki daga wasanni daban-daban ya haɗa masu. Daga can wasan ya ƙetara Burazil, ya yi saiwa a unguwannin birane masu cunkoso. Ke nan rashin fili ne ya haife shi. Wanda kuwa ya zagaya Maraɗi ko Damagaram ko Yamai yana da ido ya san yadda ake yanka filayen wasan yara a mai da su fuloti, yadda fegin da aka yi gasar babban hutu a kansa bara ake wayar gari bana an jibge masa bulo da yashi.

A duba awo. Filin ƙwallon zaure na gasar ƙasa da ƙasa mita 40 ne a tsawo, 20 a faɗi, wato murabba'in mita 800. Babban filin ƙwallo, mai mita 105 da 68, ya haura murabba'in mita 7000. Ana iya fitar da kusan filayen zaure tara daga cikinsa. Raga kuma mita 3 ce a faɗi, 2 a tsaye. Duk malamin motsa jiki ya san waɗannan lambobi tun kafin ya ji sunan futsal, domin su ne daidai awon filin ƙwallon hannu. To, irin wannan daɓe akwai shi a lise da kwaleji da dama, akwai shi a gidajen matasa da al'adu, wani ya tsattsage, wani awaki ke kwana a kai, wani an mai da shi wurin ajiye babura. Rufi abu ne mai kyau idan an samu, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, amma ba rufin ke koya wa yaro wasa ba. Da la'asar sakaliya inuwar katanga da ta dogon yaro sun isa.

Abin da ke koya masa shi ne tsarin wasan kansa, kuma a nan nake son malamai su tsaya su yi nazari da idon sana'arsu. Ƙwallon ta fi ta babban fili ƙanƙanta, ba ta kuma tsalle sosai, saboda haka tana zama a ƙasa, dole a tare ta da tafin ƙafa, a miƙa ta da hankali. Babu damar a buga ta sama a bi ta da gudu, a bar dogo da mai ƙarfi su ci moriya. Idan ta fita, daƙiƙa 4 kawai ake ba mai mayar da ita cikin fili. Kowane rabi minti 20 ne, ana tsayar da agogo duk lokacin da wasa ya tsaya, don haka mai kwanciya yana birgima don cin lokaci bai sami kome ba. Ana ƙidaya laifuffukan kowace ƙungiya, daga na shida a cikin rabi guda sai a ba abokan karawa bugu daga mita 10 ba tare da shinge ba. Ƙeta tana da farashi, kuma dukan ƙungiya ke biyan sa. Canjin ƴan wasa ba shi da iyaka, wanda ya fita yana iya komowa. Malamin da ke riƙe da aji mai ɗalibi 80 ko fiye ya san darajar wannan ƙa'ida ta ƙarshe. A babban fili yara 22 ke wasa, cikinsu ma wani sai ya yi minti goma bai taɓa ƙwallo ba, sauran aji na zaune gindin icce suna jifan juna da tsakuwa. A ƙaramin fili ana juyawa rukuni-rukuni, kowa ya taɓa, kowa ya yi kuskure a gaban idon malami, a gyara masa nan take. Mu masu koyar da harshe mun san bambancin ajin da ɗalibi ke buɗe baki sau ɗaya a wata da ajin da yake magana kullum.

Akwai kuma zancen ƴan mata. Iyaye da yawa da ba za su bar ɗiyarsu ta yi gudu a fili buɗaɗɗe bakin hanya ba, za su iya amincewa da wasa cikin harabar makaranta mai katanga, a hannun malama. Ban ce katanga ta warware kome ba, amma ƙofa ce. A wasannin Olimfik na matasa da aka yi a Buenos Aires a 2018, inda ƙwallon zaure ta maye gurbin ƙwallon babban fili, an yi gasar maza da ta mata kafaɗa da kafaɗa: Burazil ta ci ta maza, Fotugal ta ci ta mata, samarin Masar kuma suka zo na uku.

Yanzu ga ɓangare na biyu, waɗanda suka fi ba ni tsoro, domin su ba sa raina wasan, yabonsa suke yi. Su ne masu cewa lalle a gina mana katafariyar fadar wasanni a kowace jiha, a nemi karɓar baƙuncin gasa, a yanka kyalle, a kira ƴan jarida. Mun san wannan kiɗa. Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005, ƙasarmu ta karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a 2015, da ta ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019 a Yamai da Maraɗi. An yi shagali, an ji daɗi, ba na ƙin haka. Tambayata ita ce, bayan baƙi sun tafi, wace gasa ta mako-mako ta rage wa ɗan aji shida na wata kwalejin bayan gari? Latbiya da Moldoba sun karɓi baƙuncin gasar Turai, zaurukansu sun cika sharaɗi, amma kofi bai kwana a gidajensu ba. Ya tafi inda yaro ke shiga ƙungiyar unguwa ko ta makaranta tun yana ƙarami, ya sami mai horarwa, ya yi wasa kowane ƙarshen mako, a rubuta sunansa da shekarunsa a rajista, ya hau daga rukuni zuwa rukuni. Ispaniya ta ci kofin duniya na manya a 2000 da 2004. Fotugal ta ci kofin Turai a 2018 da 2022, ta ci na duniya a 2021. Samarin da ke ɗaga kofin ƴan ƙasa da shekara 19 reshe ne na wannan icce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ke shakkar ko ɗan Afirka ya dace da wannan wasa, ya dubi Zicky Té. An haife shi a Gine Bisau a 2001, ya tashi a Lisbon, ƙungiyar Sporting ta raine shi. Yana da shekara 20 ya ci kofin duniya da rigar Fotugal, a 2022 kuma aka zaɓe shi gwarzon gasar Turai. Ƙafarsa daga nan yammacin Afirka ta fito. Abin da Lisbon ta ba shi daɓe ne kusa da gida, da babban mutum mai lura, da gasa mai ɗorewa.

Wannan ya kawo mu ga hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, wadda nake ganin ita ke da kaso mafi girma na laifi. Kudancin Amurka na da gasar ƙwallon zaure ta ƴan ƙasa da shekara 20 tun 2004. Asiya ta yi tata a 2017, Iran ta ci, ta sake yi a 2019, Japan ta ci. Turai da kanta ta yi jinkiri, ta gwada gasar ƴan ƙasa da shekara 21 sau ɗaya tak a 2008 ta watsar, sai bayan shekara 11 ta komo da tsari mai ɗorewa. Afirka, nahiyar da ta fi kowace yawan matasa cikin jama'arta, ba ta da wata tsayayyar gasa ta samari a wannan wasa. Ta manya ma, da aka soma a 1996, ƙasashen arewa ne suka yi ta juya kofinta a tsakaninsu: Masar sau uku a jere, Libiya a 2008, Maroko a 2016 da 2020 da 2024. Maroko ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne, tunda ta kai zagayen ƴan takwas a kofin duniya na 2021 da na 2024. Amma hukumar ƙwallon wata ƙasa matalauciya ba za ta kashe kuɗi ta tara samari ba idan babu inda za ta kai su. Gasar nahiya ita ce ke tilasta wa ƙasa ta kafa ƙungiya, ƙungiyar ƙasa ta tilasta gasar jihohi, gasar jihohi ta sa a zo a nemi malamin motsa jiki a ƙauye. Idan babu kiɗa a sama, wa zai taka rawa a ƙasa? CAF ta ƙaddamar da gasar ƙwallon makarantu a 2022, abin a yaba ne; sai dai ta manta da nau'in wasan da ya fi kowane dacewa da harabar makaranta. Ga shi kuma an ba Dakar wasannin Olimfik na matasa na 2026, karo na farko a Afirka, da ƙwallon zaure cikin jerin wasanninsu. Baƙi su zo gidanka da abin da suka yi shekaru suna dafawa, kai kuwa ko murhu ba ka kafa ba.

Akwai wani ciwo da ba zan tsallake ba, domin gasar matasa duk a kan shekaru take tsaye. A 2009 an kori ƙungiyarmu ta ƴan ƙasa da shekara 17 daga gasar Afirka da aka yi a Aljeriya saboda batun ɗan wasan da shekarunsa suka wuce, Malawi ta ɗauki gurbinmu ta tafi kofin duniya. Mun san tushen abin. Yara da yawa ba a yi masu takardar haihuwa sai an zo jarrabawa, a je kotu a kintata, a rubuta «né vers». Inda takarda ke da rauni, mai son zuciya ba ya rasa ƙofa. Amma akwai littafi ɗaya da ke bin yaro shekara da shekara tun daga ajin farko, shi ne rajistar makaranta. Gasar da aka gina a kan makarantu, inda darekta ke sa hannu a kan sunan kowane ɗan wasa, inda abokan ajinsa suka san shi, ta fi wahalar cuta bisa ga wadda ake tattaro ƴan wasanta daga titi wata guda kafin tafiya. Gemu ba ya ɓuya a aji huɗu.

Za a ce siminti na cin takalmi, yana fasa gwiwa. Haka ne, daɓen da ya tsage haɗari ne, sai an gyara shi an goge. Za a ce ƙwallon musamman tana da tsada kuma ba a samun ta a kowace kasuwa. Wannan ma haka ne. A fara da ƙwallon da ke hannu, a rage mata iska, yadda yaranmu suka daɗe suna yi a lungu da duwatsu biyu a matsayin raga. Kuɗin gyaran daɓe guda da fentin layi da raga biyu na ƙarfe bai kai abin da ƙungiyoyinmu na al'adu ke kashewa a kujeru da lasifika da lemun manyan baƙi a bukin rufe shekara ba, kuma duk wanda ya taɓa riƙe asusun irin wannan buki ya san ban yi ƙari ba.

Saboda haka ba minista nake jira ba. Kwaleji huɗu a gari ɗaya sun isa su kafa gasa: ranar Laraba da marece, rukunin maza da na mata, malaman motsa jiki su yi alƙalanci, ƙungiyar iyayen yara ta ɗauki nauyin ruwan sha, malaman Hausa kuma su zauna da ɗalibansu su fassara dokokin wasan, su samo wa bugun mita 10 da tarin laifi sunayen da yaro zai riƙe. Sakamakon kowane mako a rubuta shi a allon ƙofar makaranta. Idan an yi shekara uku ana yi ba fashi, sai mu ɗauki rajistar mu kai wa hukumar ƙwallon ƙasa a Yamai, mu tambaye ta wasiƙa nawa ta rubuta wa CAF a kan gasar samari.