Garin Neman Gira Kada Mu Rasa Ido

Duk lokacin da aka rufe jami'a ɗalibai suka watse hutu, akwai wata gardama da takan tashi a garuruwan da ke kudu da birnin Sakkwato, tun daga Dingyaɗi da Sifawa da Boɗinga har zuwa Shagari. Gardamar kuwa a kan fuskar 'yan mata ce. Idan ɗaliba ta sauka daga mota da hoda da jan-baki, kafin ta kai ƙofar gidansu an yanke mata hukunci a majalisar bakin hanya, an ce boko ya buɗe mata ido. Idan kuma ta koma makaranta ko ofis da fuskarta yadda Allah ya yi ta, sai ƙawaye su ce har yanzu ƙauye bai sake ta ba. Tsakanin waɗannan hukunce-hukunce biyu, 'yar'uwarmu ta rasa inda za ta sa kanta.

Mu a namu ganin, ɓangarorin nan biyu duk sun tsaya kallon fuska, sun manta da tambayar da ta fi kowace muhimmanci, watau mene ne a cikin tandun, mene ne kuma a cikin kwalbar da ake shafawa? Amma kafin mu kai nan, bari mu auna maganar kowane ɓangare.

Masu cewa kwalliya baƙuwa ce da boko ya kawo, sai su tuna da kakanninsu mata. Tozali, wanda Kanawa ke kira kwalli, yana cikin tandun kowace tsohuwa tun kafin a ga Bature a ƙasar nan. Da lalle ake kama amarya, har ta wuni da hannu cikin zunguru don ƙunshi ya kama. Da katambiri 'yan mata ke zane a fuska ranar kasuwa, da fure da goro ake rina haƙora, da shuni da man shanu ake gyaran kitso. Maza ma ba a bar su a baya ba, domin dattijo yakan ja tozali ranar Juma'a da ranar Salla, ba wanda ya ce ya zubar da girmansa. Ashe ke nan abin da ya sake shi ne mazubi da sunan kaya: tandu ya koma jakar hannu, fure ya koma jan-baki. Sha'awar ado kuwa tana nan yadda aka gaje ta.

Addini ya sa wa ado iyaka, ya faɗi inda ake bayyana shi da inda ake suturce shi, kuma wannan fage ne na malamai, ba mu da ja a kansa. Abin da muke ja da shi shi ne a mai da hoda ma'aunin hali, a kalli fuskar yarinya a ce an san abin da ke zuciyarta. Wannan zato yana da tsada, kuma ƙannenmu ne ke biya. Uban da yake ta waswasin barin 'yarsa ta wuce makarantar sakandare, da zarar ya ji ana zunɗen 'yar maƙwabcinsa, shi ke nan ya sami hujja, sai a rufe littafi a sa ranar aure. Alhali kuwa a nan Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma a cikin Nurul Albab ya zargi masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta riƙa naɗa jajoji suna kai ilmi ga matan ƙauyuka. Ƙasar da ke da wannan tarihi bai kamata jan-baki ya rufe mata ƙofar aji ba.

Ɗaya ɓangaren ma ba mu wanke shi ba. Masu ganin cewa wayewa a fuska take sun ɗora wa 'yan mata kayan da ya fi ƙarfinsu. Ƙaramar ma'aikaciya da albashinta bai kai ta ƙarshen wata ba, ga ta tana ware rabo domin kayan shafa don kada a raina ta a ofis. Amarya kuwa sai an ɗauko mai kwalliya daga birni ta sāke mata kama, har dangin ango su yi ta tambaya ko ita ce. Finafinai da hotunan Instagram da TikTok, waɗanda na'ura ke goge wa fuska kowane tabo kafin a nuna ta, sun sa yarinya tana auna kanta da fuskar da babu ita a duniya. Wadda ta zaɓi ta bar fuskarta ba kome tana da haƙƙin a ƙyale ta, daidai da wadda ta zaɓi ta yi adonta cikin mutunci.

To, yanzu mu buɗe tandun. Yawancin tozalin dutse mai ƙyalli da ake sayarwa a kasuwanninmu ma'adini ne na dalma, irin wanda ake haƙowa a kwarin Binuwai da wajen Abakaliki. Dalma kuwa guba ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba a san wani adadi nata a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa ba. Idan aka sa wa jinjiri tozali, sai ya murza ido ya kai hannu baki. Hawaye kuma yakan gangara da shi ta kafar da ta haɗa ido da hanci, ya haɗiye. Jikin yaro ya fi na babba saurin tsotse dalma, ita kuma ƙwaƙwalwa take nufa. Ba ta zuwa da zazzaɓi balle a ruga asibiti. Sai bayan shekaru a ga yaro ba ya riƙe karatu, a ce daƙiƙi ne, a yi ta bulala.

Wannan magana ba ƙage ba ce. A shekarar 2011, likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma ta yi yawa a jinin wani jinjiri ɗan wata 6, ɗan asalin Nijeriya. Da aka bi diddigi, sai aka tarar tozali ne da aka kai daga gida ana sa masa; da aka auna shi kuwa, fiye da kashi 82 cikin 100 dalma ce. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta buga labarin a 2012. Mu kuma nan kusa, mun ga abin da dalma ke iya yi a Zamfara, wadda har zuwa 1996 jiha ɗaya muke da ita. A 2010, ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Can ta hanyar haƙar zinariya gubar ta shiga, kuma ta shiga da yawa lokaci ɗaya. Ta tandu kuwa kaɗan-kaɗan take shiga, amma gubar ita ce dai.

Mun sani wani zai ce, ai sa tozali sunna ne. Haka ne, littattafan hadisi sun ambaci ismid, kuma sun yabe shi. Tambayar ita ce, wa ya tabbatar mana cewa dutsen da ɗan koli ya baza a tabarma ismid ne? Duwatsun nan sun yi kama da juna a ido, ba a rarrabe su sai a ɗakin gwaji. Kiyaye sunna bai hana bincike ba. Hasali ma addinin da ya hana mutum cutar da kansa da cutar da wani shi ya fi cancanta da a yi binciken da sunansa.

Daga tandu sai kwalba, watau man bilicin, kuma nan ne ɓarnar ta fi girma. Wani bayani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya ambaci cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata. Ko da a ce a karkararmu adadin bai kai haka ba, duk mai ido ya ga fuska fara da gaɓoɓin yatsu baƙaƙe. Abubuwa uku ne suka fi yawa a irin waɗannan mayuka. Akwai zaiba, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wadda kuma takan isa ga ɗan tayi a ciki da jinjiri a nono. Akwai sinadarin haidirokwinon, wanda in an daɗe ana shafa shi sai ya bar baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Akwai kuma magungunan sitiroyid, waɗanda likita ke rubutawa domin ciwon fata na 'yan kwanaki, amma aka mai da su man shafawa na kullum. Su ne ke sa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa, har a kai ga hawan jini da ciwon sukari. Baƙin lalle ma da ake haɗawa da rinin gashi yakan sa hannun wasu ya kumbura ya yi ƙuraje, abin da ganyen lallen kakanninmu ba ya yi.

Doka ba ta yi shiru ba. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijeriya ke cikinta, ta haramta kayan shafa masu zaiba, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Sai dai doka takan tsaya ne a kan kwalin da ke da suna da lamba. Man da wata ta haɗa a ɗakinta ta ɗura a roba ba rubutu, ta sayar ta waya ko gida-gida, wane jami'i ne zai bi shi har zaure?

A nan tilas mu juyo kan 'yan'uwa maza, domin laifi tudu ne. Wane ne ke cewa shi in ba fara ba ba zai aura ba? Wa ke cika akwatin lefe da mayukan da bai karanta abin da ke jikinsu ba? Saurayin da ya yi wa baƙar yarinya ba'a da safe, shi ne da yamma zai zauna a majalisa yana tsine wa masu bilicin. Kasuwar nan ba ta ci da kanta ba, masu yabon fari ne suka kafa ta. Ga shi kuwa Suratur Rum ta lissafa bambancin harsuna da launukan mutane cikin ayoyin Ubangiji.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta ɗauki wannan a matsayin aikin hutu. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da masu karatun kimiyya da haɗa magunguna da likitanci. Me zai hana a sayo samfurin tozali da mayuka daga kasuwannin Boɗinga da Shagari da babbar kasuwar Sakkwato, a auna su ƙarƙashin kulawar malamai, a rubuta sakamakon da Hausa, da boko da ajami, a kai wa hakimai da limamai? Ɗalibai mata su shiga makarantun Islamiyya da gidajen suna, kamar yadda jajoji suka yi a da, su yi wa iyaye bayani cikin ladabi, ba da ɗaga hanci ba. Matasan ma'aikata da ke asibitocin ƙananan hukumomi su sa maganar cikin nasihar ranar awo da ranar rigakafi. Kafin sakamako ya fito kuwa, akwai abu biyu da kowane gida zai iya yi tun yau: a janye tozalin dutse daga idon jarirai, a kuma daina sayen man da ba shi da suna da lambar hukuma.

Ba mu ce a bar ado ba. Lalle da kitso da turare gādo ne mai kyau, kuma mace mai tsabta da kwalliya abin alfahari ce ga gidansu. Roƙonmu shi ne a rage yawun da ake ɓatawa wajen auna tarbiyyar 'yan mata da hodar fuskarsu, a mai da wannan ƙoƙari ga sanin abin da suke shafawa da abin da ake sa wa jariransu. Tabon suna yakan hana yarinya makaranta, tabon dalma kuwa yakan hana ɗanta fahimtar abin da ake koya masa a cikinta. Mu da aka kashe wa dukiyar jama'a muka yi karatu, bashi ne a kanmu mu kai wannan ilmi gida, don kada garin neman gira a rasa ido. Allah ya sa mu dace.