Zmuda Da Masu Awo Da Mudun Ƙarya

Ku tare duk wani mai bin tarihin ƙwallon ƙafa ku ce ya faɗa muku mazajen Polan, ba zai yi nawa ba zai ce Lato, ya ce Boniek, ya ce Deyna, in yaro ne na bayan nan ya ce Lewandowski. In kun tambaye shi Wladyslaw Zmuda fa, sai ya sosa ƙeya. To, wannan susar ƙeya ita muka zo yi wa magana, domin a ganinmu zalunci ne da aka daɗe ana yi wa masu tsaron baya, kuma marubutan wasanni da masu raba lambobin yabo su ne iyayen wannan zalunci.

Ƙarar da suke kai wannan mutum kashi uku ce. Sun ce ya yi wa ƙasarsa wasa 91, amma ƙwallo 2 kacal ya taɓa jefawa a raga. Sun ce da ya fita ƙasar waje bai tsinana kome ba. Sa'an nan sun ce wasanni 21 da ya buga a gasar cin Kofin Duniya, na ƙarshensu sadaka ce aka ba shi. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, amma sai mun fara ajiye abin da su ba sa son a ajiye.

An haife shi a Lublin a 1954. Sa'ad da Kazimierz Gorski ya tafi da shi Jamus ta Yamma a 1974, 'yan kwanaki ne da cikarsa shekara 20. Yaro ne ɗanye shakaf, aka sa shi a tsakiyar baya tare da Jerzy Gorgon, aka ce ya tare mazajen duniya. Polan ta ci Ajantina 3 da 2, ta yi wa Haiti 7 ba ko ɗaya, ta ci Italiya 2 da 1, ta ci Siwidin da Yugoslabiya. Jamus ta Yamma ce kaɗai ta iya da ita, da ƙwallo guda na Gerd Muller, a filin Frankfurt da ruwan sama ya mayar kamar fadama. Daga nan ta ci Brazil 1 da nema, ta zo ta uku a duniya. Wasa 7, ƙwallo 5 kaɗai suka shiga ragarsu, kuma Zmuda bai rasa wasa ko ɗaya ba. Shi ne ake lissafawa a matsayin gwarzon matasan wannan gasa. Duk littafin da kuka buɗe za ku ga ƙwallaye 7 na Lato an rubuta da manyan baƙaƙe. Madalla, ya cancanta. Amma ƙwallo guda da Lato ya jefa wa Brazil me za ta amfana da a ce an rama ta sau biyu? Wanda ya tsare gida har ƙwallo ɗaya ta isa cin nasara, shi ma ai ya ci wasan.

Bayan shekara 8, a Sifen, shi ne kyaftin. A duba lissafin nan da kyau, domin ya fi na farko ban mamaki. Canjaras da Italiya, ba ci. Canjaras da Kamaru ta su Roger Milla da Thomas N'Kono, ba ci. Peru 5 da 1, Beljiyam 3 da nema, Tarayyar Sobiyet ba ci. Wasa 5 a jere, ƙwallo guda tak aka jefa musu. Wasan da suka yi da Sobiyet a Barsalona shi ne muhimmi, gama kunnen doki kawai Polan ke bukata ta wuce, kuma an yi shi ne wata bakwai bayan Janar Jaruzelski ya kafa dokar soja a ƙasar a ranar 13 ga Disamba 1981. Tutocin ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity na kaɗawa a cikin 'yan kallo, mutanen Polan na zaune gaban talabijin da zuciya a wuya. A ranar nan babu wanda ya jefa ƙwallo, saboda haka mudun masu lissafi bai auno kome ba. Alhali kuwa minti 90 aka yi ana ɗauke wuta a gaban ragar Mlynarczyk.

Za su ce ai Paolo Rossi ya jefa musu biyu a wasan kusa da na ƙarshe. Haka ne, ba mu musa ba. Rossin nan kwana uku kafin haka ya jefa wa Brazil ta su Zico da Socrates uku, kuma ba mu ji an ce Brazil ba ta iya ƙwallo ba. Polan ta koma ta ci Faransa 3 da 2, ta sake zuwa ta uku. Sau biyu ke nan a tarihinta da ta kai wannan matsayi, kuma duk biyun Zmuda na tsaye a tsakiyar bayanta daga wasan farko har na ƙarshe. Tsakaninsu akwai lambar azurfa ta Olamfik a Montreal a 1976, da wasa 6 a Ajantina a 1978. A gida kuwa ya ci kofin lig da Slask Wroclaw a 1977, ya sake ci da Widzew Lodz a 1981 da 1982.

To, ƙwallo 2 cikin wasa 91. Wane mai hankali ne zai auna maƙeri da yawan ɗinkin da ya yi? Aikin mai tsaron baya shi ne hana abu faruwa, abin da bai faru ba kuwa ba ya shiga jarida. Tun 1956 ake ba da kyautar Ballon d'Or, amma masu tsaron baya uku ne suka taɓa ɗaukar ta: Beckenbauer a 1972 da 1976, Sammer a 1996, Cannavaro a 2006. Biyu na farkon ma sai da suka riƙa hawa gaba suna jefa ƙwallo kafin a gan su. Sa'ad da Pele ya fitar da sunayen manyan 'yan wasa na raye a 2004, mutumin Polan guda ya sa, watau Boniek. Wannan ba mantuwa ba ce ta mutum ɗaya. Ɗabi'a ce ta duniya mai tafa wa wanda ya ɗora jinka, ta manta da wanda ya haƙa harsashi.

Maganar fita waje ita ce ta fi ba mu haushi, domin masu yin ta sun san gaskiya suna take ta. A Polan ta zamanin kwaminis ɗan wasa ba shi da ikon kansa. A takarda ma ba a yarda sana'arsa ƙwallo ba ce. Kulob-kulob na hukumomi ne: Gwardia ta Warso, inda Zmuda ya yi wasa kafin ya koma Wroclaw, ta 'yan sanda ce, Slask kuwa ta soja. Bisa ƙa'ida ba a barin ɗan wasa ya tafi ƙasar waje sai ya kai wajen shekara 30, sai fa wanda hukuma ta ga damar yi wa alfarma. Deyna yana da 31 ya isa Manchester City a 1978. Lato yana da 30 ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 1980. Watau sai an tatse saniya sarai sa'an nan a kai ta kasuwa. Zmuda an sake shi a 1982 yana da 28, bayan ya yi Kofin Duniya uku. Da isarsa Verona gwiwa ta tashi, aka yi masa aiki, ya shekara biyu bai buga fiye da wasan lig 7 ba. Ya ɗan taɓa New York Cosmos a 1984, shekarar da lig ɗin Amurka na lokacin ya yi numfashinsa na ƙarshe, ya dawo Cremonese ya ƙare a 1987. Verona kuwa ta ɗauki kofin lig na Italiya a 1985, shekara guda bayan tafiyarsa. Wanda ya ga mutum a wannan hali ya ce bai iya ba, ko dai bai san tarihi ba, ko kuwa mugu ne. Tambayar da ta kamata ita ce: me Zmuda na 1974 zai yi da an bar shi ya tafi yana da ƙafafunsa biyu lafiya?

Akwai kuma abin da ya faru a filin jirgin sama na Okecie a ƙarshen Nuwamba 1980, wanda ya nuna irin mutumin da irin hukumar da ke kansa. Ƙungiyar ƙasa za ta tashi zuwa Italiya, daga can ta wuce Malta wasan neman shiga Kofin Duniya. Mai tsaron gida Jozef Mlynarczyk ya kwana yana shaye-shaye, mai horarwa Ryszard Kulesza ya ce ba za a tafi da shi ba. Boniek da Terlecki da Zmuda da Smolarek suka tsaya suka ce a tafi da shi. Kada a fahimce mu a karkace: Mlynarczyk ya yi laifi, ya kuma cancanci horo, ba mu zo wanke mashayi ba. Amma hukuncin da ya biyo baya ba na giya ba ne. Aka koro huɗu daga Rum, aka dakatar da Boniek da Terlecki shekara guda, aka dakatar da Zmuda da Mlynarczyk wata 8. Ku lura, wanda bai sha kome ba an yi masa horo daidai da wanda ya sha, wasu biyu ma an ba su fiye da nasa. Ashe babban laifin shi ne haɗa kai. Wata uku ne kawai da ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Gdansk, ƙarƙashin Lech Walesa, suka tilasta wa gwamnati ta yarda da ƙungiyar ƙwadago mai zaman kanta, Terlecki kuma an san shi da neman kafa wa 'yan ƙwallo tasu ƙungiyar. Gwamnatin da ke kiran kanta ta ma'aikata ba ta iya jure ganin ma'aikata huɗu sun tsaya wa ɗan'uwansu ba. Da aka ga ba za a iya zuwa Sifen ba tare da su ba, sai aka janye wa uku hukuncin tun wa'adi bai cika ba. Terlecki bai sake sa rigar ƙasarsa ba har abada. Mutumin da aka dakatar kuwa, shi aka ɗaura wa ƙyallen kyaftin a 1982.

Saura maganar sadaka. A Guadalajara ta Meziko a 1986, Brazil na lallasa Polan a wasan da ya ƙare 4 ba ko ɗaya, saura 'yan mintoci a tashi, Antoni Piechniczek ya sako Zmuda. Da wannan ya cika wasa 21, ya kamo Uwe Seeler na Jamus, wanda a lokacin babu wanda ya fi shi yawan wasanni a Kofin Duniya. Mu ɗauka ma alfarma ce. Cire ta, saura 20, kuma waɗannan 20 ɗin a gasa uku ya tara su, 7 da 6 da 7, bai tsallake wasa ko ɗaya ba, ga kuma lambar tagulla biyu a ciki. Maradona, wanda aka cika ɗakunan karatu da littattafai a kansa, shi ma a kan 21 ya tsaya, kuma ba mu taɓa jin wani ya zauna yana ƙirga mintocinsa da agogo ba. Sai a 1998 Lothar Matthaus ya wuce wannan adadi ya kai 25, Messi ya kai 26 a 2022, dukkansu kuwa sai da suka je gasa biyar.